Lallen Wurin Alwala

Maure, Yamai

Zuwa ga ƴata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a inda ya kai ki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk majinyacin da kika taɓa. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Ilu direba ya dawo jiya da la'asar, ya biyo ta gida kafin ya isa nasa. Ya ce shi da kansa ya sauke ki a ƙofar gidan likitan ƙauyen, can gaba da Tawa, kuma sai da ya ga an buɗe miki ɗaki sannan ya juyo. Alhamdu lillahi. Shi ne zai kawo miki wannan takarda jibi.

Ba labari zan ba ki ba, kwana huɗu da tafiyarki babu abin da ya sake a gidan nan sai tuwo da yake saura. Abin da ya zaunar da ni da alƙalami shi ne wannan: shekara goma sha ɗaya ke nan ba ki taka garkar gidanmu ba, kuma ni na hana ki da bakina. Kin sani, na sani, innarki ta sani, amma ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Na daɗe ina tsoron ki bar gidan nan da abin a ranki, ki yi aure, ki haihu, ni kuma in mutu, maganar tana nan yadda na ajiye ta. Yau kam ƙirjina ya yi sauƙi, kuma zan gaya miki dalili. Sai dai ki yi haƙuri ki bi ni ta kan kurakuraina tukuna, don kin san babanki, in aka aike shi Ƙaramar Kasuwa sai ya bi ta bakin gulbi.

Kuskuren farko na yi shi tun kina cikin tsumma. Kakarki, mahaifiyata, ta taso daga Damagaram don sunanki, kwana uku a bayan babbar mota, kuma cikin kayanta har da wani tsohon zane jiƙaƙƙe da ta naɗe sanduna uku a ciki. Lalle ne, daga bayan ɗakinta ta yanko. Ta ce tunda sunanta za a sa wa yarinya, to a dasa wannan a gidan, su girma tare. Ni kuwa lokacin sabon ma'aikaci ne, ina buga injin rubutu a biro, wato ofis, alƙalami biyu a aljihun gaba ko da ɗaya ba ya rubutu. Na ga gidajen Turawa na kan tudu da furannin roz ja da fari, raina ya biya. Lalle a idona kayan tsofaffi ne. Na karɓa da hannu biyu don kunya, na kai can lungu wajen dutsen da nake zama in yi alwala, na soke su a ƙasa, na karkaɗe hannu. Tsakiyar garka, inda ƙasa ta fi kyau, na ba roz ɗin da na sayo wajen masu garka na bakin gulbi.

Kakarki ta gani, ta bari sai ranar da za ta koma. Ta dubi lungun, ta dube ni, ta ce, "Ka kyauta. Nan ba za ya ji ƙishi ba, in dai kana salla."

Na ɗauka yabo ne, har na yi murmushi. Sai da furfura ta fito mini na gane ba'a ce ta yi mini, kuma gaskiya ta faɗa. To, Uwani, inda kike yanzu tsofaffin mata za su kawo miki abubuwa a naɗe cikin tsumma, wani magani ne, wani magana ce. Kada ki karɓa don kunya ki jefa a lungu. Ki kwance, ki duba, ki tambaya. Ke kina da takardar shaida, su kuma sun san wace rijiya ce take sa yara gudawa, da wane wata ne zazzaɓi yake shigowa gari. Abin da ba shi da kyau ki hana cikin ladabi, amma sai bayan kin ji shi har ƙarshe.

Na biyu ma abin dariya ne, kuma an yi mini ita har ta ishe ni. Wani Bature da muka yi aiki tare ya bar mini littafin renon furanni da zai koma garinsu. Har gafaka na sa aka ɗinka masa. Littafin ya ce idan sanyi ya kama a lulluɓe gindin roz kada ƙanƙara ta kashe shi. Ƙanƙara, a Yamai. Amma tunda a rubuce yake, sai na nemo buhuna na naɗe kowane gindi, na ɗaure da igiya. Innarki ta leƙo daga madafi, ta ƙwala wa Sumana tela kira ta kan katanga, wai ya zo ya ga ikon Allah, maigida ya sa wa itace bargo. Sumana ya zo da allura a baki, ya tambaye ni ko ya ɗinka musu huluna. Bayan sati biyu da na kwance buhunan, na tarar gara ta samu ɗaki mai ɗumi, ta cinye rabinsu. Haka kuma innarki ta gaya mini ruwan da ta wanke gero da shi yana gina shuka, na sabulu kuwa yana ƙona ta. Na duba littafi ban ga zancen gero ba, na yi gaban kaina, na ƙona wasu biyu.

Littafi abu ne mai kyau, da shi na ciyar da ku. Amma bai san garin da kike ba. Ki karanta, sannan ki ɗaga kai ki dubi abin da yake gabanki. In kuma aka yi miki dariya a kan kuskure, ki taya su, ki tambayi wanda ya fi kowa dariya yadda ake yi. Sumana ɗin nan shi ya koya mini barbaɗa toka don gara.

Tsuntsaye kuma ke kika koya mini su, ko kin manta? Da farko abokan gaba na ɗauke su. Marai suna tsige mini ganye suna saƙa gidajensu a kan dogon yaro, sai na ɗaura gwangwanaye a igiya, ina ja suna ƙara, duk unguwa ta san na tashi. Kina da shekara shida kika ɗauko kaskon tukunyar da innarki ta fasa, kika zuba ruwa, kika ajiye a gindin lalle, wanda lokacin ya fi ki tsawo. Na tambaye ki na mene ne, kika ce baƙi za ki yi. Kika ja ni da riga kika zaunar a kan dutsen alwala, kika ce in daina motsi. Ni da ko shugaban biro bai taɓa ce mini in daina motsi ba.

Na zauna. Kurciya ce ta fara saukowa, tana taku tana waige kamar mai shiga gidan surukai. Sai baiwar Allah, ƴar jar nan da ba ta fi babban yatsa ba, ita da mijinta. Sai asisi masu shuɗin ƙirji, su bakwai ko takwas, suka jeru a bakin kasko suna tsoma baki tare. Da lallen ya yi fure, ƙananan fararen furannin nan da ƙamshinsu yake kaiwa har zaure, sai ga sha-kauci mai lanƙwasasshen baki yana shawagi a kai, baƙi ne a inuwa, in rana ta taɓa shi sai ki ga kore da ja. Shekara nawa ina gidan, ban taɓa sanin akwai shi ba. Ranar na kwance gwangwanayen da hannuna. Daga nan kullum in na dawo daga sallar asuba sai in tarar kin riga ni zama, kin cika kasko, mu yi shiru tare har lokacin lakwal ɗinki, makarantar boko, ya yi. Ban taɓa gaya miki ba, amma a duk rayuwata ban ji daɗin wani lokaci kamar waɗannan safiyoyi ba.

Abin da na koya a nan ki riƙe shi a aikinki. Mutanen ƙauye ba za su zo miki ranar farko ba. Za su tsaya daga nesa su ga yadda kike taɓa yaro, da yadda kike amsa gaisuwa. Kada ki yi ta ɗaga murya kina kiransu jahilai don sun ƙi allura. Ki ajiye abin da kike da shi inda za su gani, ki zauna, ki daina motsi. Mai ƙarfin hali ɗaya za ta fara zuwa, sauran suna bayanta.

Yanzu na zo inda alƙalamin yake yi mini nauyi.

Kina da shekara goma aka yi wancan farin, na farko, ba wannan da muke ciki ba. Kin tuna yadda mutanen arewa suka cika gari, dabbobinsu sun ƙare a hanya, aka yi musu zango a bayan gari, suna bin gida gida da ƙwarya. Famfon unguwa ya koma ɗigo, mata suna kafa layin bokiti tun safe har rana ta take. Gulbi ya janye har yara suna ratsa shi da ƙafa. A irin wannan lokaci babanki mai hankali ya sayi tano, babban duro na ƙarfe, ya cika shi da ruwan ƴan garuwa, ya sa aka yi masa murfi, ya danna kwaɗo. Ruwan roz ne. Makullin ina ɓoye shi a ƙarƙashin dutsen alwala, kuma ke kaɗai kika sani, don tare muke ba su ruwa. Na gaya wa kaina cewa gumina ne, ban saci na kowa ba. Innarki ta yi magana sau ɗaya, na ce mata ba ta san darajar fure ba.

Ranar na taso daga biro da tsakar rana, na jingine keke a zaure, na ji kukan akuya a cikin gida. Na shigo na tarar ƙofar garka a buɗe, tano a buɗe, ke kina riƙe da moɗa. Ga wata mace cikin baƙin zane a durƙushe, ta kafa ƙwarya a bakin ɗanta, wani ɗan yaro da wuyansa bai fi hannuna kauri ba. Akuyarta kuwa, ramammiya, ita kaɗai ta rage mata ina tsammani, ta miƙe ƙafafu a kan roz ɗina, ta gama da uku tana kan na huɗu.

Ban ga yaron ba, Uwani. Idona ya sauka a kansa, amma roz na gani. Na buɗe baki na kira ki da sunanki na yanka, sunan mahaifiyata, wanda tun da aka raɗa miki shi ban taɓa furtawa ba, har a takardar lakwal sai dai in nuna da yatsa. Na kira shi da tsawa, a tsakar gida, Sumana da matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na ce, "Fita! Kada ƙafarki ta sake taka garkar nan."

Matar ba ta jin Hausa sosai, amma tsawa ba ta bukatar tafinta. Ta janye ƙwaryar daga bakin yaron, ta miƙe, ta mayar da sauran ruwan cikin tano, har ta karkata ƙwaryar don ɗigon ƙarshe ya sauka. Ta saɓa ɗanta, ta ja akuyarta, ta fita. Ina tsaye ina kallo ban ce ta dakata ba. Ke kuma ba ki yi kuka ba. Kika ajiye moɗar a kan murfi, kika fita a hankali, kika ja ƙofar zanar a bayanki.

Innarki ta kawo mini abinci, ta ajiye, ta tsaya. Ta ce, "Malam, sunan wa ka kira yau a tsakar gida?"

Na ce yarinya ce ta yi laifi.

Ta ce, "Yarinyar ta yi abin da mai sunan za ta yi."

Abincin nan ban ci shi ba. Roz ɗin kuma, da wanda akuya ta ci da wanda ta bari, duk sun mutu kafin damina, duk da tano da kwaɗo da komai. Lallen da na yar a lungu ko ganye bai zubar ba, don sau biyar a yini ruwan alwalata yana sauka a gindinsa ba tare da na yi niyya ba.

Shawarata a nan gajeriya ce. In kika shigo wuri kika ga ɓarna, kafin ki buɗe baki ki ƙirga mutanen da suke wurin, ki dubi fuskar kowa. Kuma duk abin da kika sa wa kwaɗo, ki tambayi kanki wa kike hanawa. Za a ba ki makullin ɗakin magani, ki riƙe shi da amana, amma kada ki manta don wa aka tara maganin.

Da a nan laifin ya tsaya da da sauƙi, kowa yana fushi ya huce. Babban kuskurena shi ne abin da na yi da shekarun da suka biyo baya. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki, aka yi ta buɗe ɗakunan ajiya ana fito da hatsin agaji da wasu suka ɓoye mutane suna mutuwa. A biro kowa yana tsine musu, ni ma na tsine da ƙarfi, har na fi kowa. Na dawo gida na ga kwaɗon nan yana lilo a jikin tano. Na cire shi na jefa a masai. Juma'a uku a jere ina ɗaura bidon ruwa, wato jarka, a bayan keke in tafi zangon bayan gari ina neman matar. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba, kuma mata masu baƙin zane da ramammen yaro sun fi a ƙirga. Na ba waɗanda na samu, na dawo. Har yau ban san ko yaron ya rayu ba, kuma ba na yin salla in manta da shi. Randar nan ta ƙofar gida da masu wucewa suke sha, a satin na kafa ta. Ke kika riƙa wanke ta duk Alhamis, ba ki taɓa tambayar dalilin kafa ta ba, ni ma ban faɗa ba.

Kin ga wautar? Na je neman gafarar baƙuwa har bayan gari, amma ƴata da muke kwana gida ɗaya na kasa ce mata kalma biyu. Na ce ai uba ba ya ba ɗa haƙuri. Na ce ai yarinya ce, za ta manta. Sai na koma yin magana da kaya: takalma, yadi, agogon hannu ranar da kika ci jarrabawa. Kina karɓa ki durƙusa ki yi godiya, ladabinki bai taɓa raguwa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. In an aike ki kirana, sai ki tsaya daidai bakin zanar, ki ce Baba abinci ya sauka, yatsun ƙafarki a kan layin ƙofa kamar an ja miki da alli. Ni kuma ina zaune ni kaɗai a kan dutse, ina cika kaskon da kika bari, tsuntsaye suna zuwa ba wanda zan taɓa da gwiwar hannu in ce duba. Shekarar da alhudahuda ya sauko mana da tukkunsa, na juya zan kira ki, na tuna, na haɗiye.

Uwani, in kika yi wa mutum laifi, ki ba shi haƙuri da baki, a ranar, a wurin da kika yi laifin, gaban waɗanda suka gani. Ko ƙarami ne, ko mai share miki ɗakin jinya ne. Kyauta ba ta iya wannan aiki, na gwada shekara goma sha ɗaya. Kuma kowace rana da ta wuce tana ƙara wa maganar nauyi, har ki wayi gari ba ki iya ɗaga ta.

Sau ɗaya kika ba ni ƙofa, na ƙi shiga. Bara da wannan farin ya dawo, hukuma ta ce kowa ya kama noman rani, duk mai ɗan fili ya shuka abin ci. Umurni ne mai kyau, kabejin da muka shuka ya rufa mana asiri, har maƙwabta sun samu. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ba hankali ne ya fara motsa ni ba, tsoro ne. A ƙarƙashin soja mun koyi zuwa aiki kafin lokaci, mun koyi yin shiru, mun koyi yin abu don a gani. Da shugaban biro ya tambayi masu garka a gida, na ji kunyar a ce ni fure nake reno, na dawo na tuge duk abin da na tarar, har da wanda ba ya shan ruwan kirki. Na ɗauko adda na nufi lallen, wai inuwarsa za ta hana kabeji girma. Sai na ji muryarki daga bakin zana, kin dawo daga makarantar jinya da farar riga a hannu.

Kika ce, "Baba, ban da wannan."

Na tsaya da adda a sama. Abin da ya kamata in ce shi ne shigo ki nuna mini wanda za a bari. Yana kan harshena, wallahi. Amma sai na ce "To," na ajiye addar, kika wuce ɗaki. Ki yi hattara da aikin da tsoro ya sa ki, ko da aikin mai kyau ne, don tsoro bai san inda ake tsayawa ba. Kuma in wanda kika ɓata wa ya miƙo miki ko ɗan yatsa ne, ki kama da hannu biyu.

Ranar tafiyarki na ƙudura zan faɗa a tashar Wadata. Na shirya maganar tun a masallaci. Muka isa, ga ƴan dako, ga masu tura kura, ga Ilu yana ɗaure kaya yana faɗa da wani mai buhun albasa. Kika durƙusa, na ɗora hannu a kanki, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne Allah ya kiyaye hanya. Mota ta tashi. Na dawo gida a ƙafa ina zagin kaina, ko taksi ban nema ba.

Azahar ta yi, na ɗauki buta na zauna a kan dutse. Ina wanke hannu na ɗaga kai, sai na ga reshe uku babu a jikin lallen, ta wajen katanga. Na ce akuyar wa kuma? Na matsa na duba. Akuya ba ta yanka a karkace. Yanka ne mai tsabta, kaurin alƙalami, ƙasa da idon reshe kaɗan, kuma an shafa toka a kan kowane rauni, yadda na nuna miki tun kina ƴar shekara takwas. Na dubi ƙasa, ga sawun takalminki a danshin alwalata ta asuba, shiga da fita. Kasko kuma an wanke shi, an cika shi har baki, baiwar Allah tana wanka a ciki.

Na zauna na yi kuka, Uwani, ni da gemuna. Innarki ta zo ta tsaya a kaina, ta ce lokacin da na tafi masallaci kika shiga, kin daɗe a ciki, kuma kin zauna a kan dutsen. Na tambaye ta me kika ce. Ta ce ba ki ce komai ba, gidan nan ai duk halinku ɗaya.

Sauran labarin Ilu ne ya ƙarasa mini jiya. Ya ce duk inda aka tsaya sai ki kwance wani jiƙaƙƙen tsumma ki yayyafa masa daga ruwan shanki. Ya ce a wani shinge jandarma ya sa kowa ya buɗe kaya, ya nuna tsumman da baki, ya tambayi abin da yake ciki. Ilu ya rantse mini da abin da kika amsa, don na sa shi ya maimaita sau biyu. Kika ce, "Lallen babana ne, shi ya ba ni."

Ga yadda za ki yi da shi. Ki dasa su inda kike alwala, ki binne rabin kowane, ki tsige ganyen ƙasa. Ruwan sabulu kada ya kusance su. Ki kewaye da ƙaya saboda awaki, in kuma akuya ta shiga duk da haka, ki bar mai ita lafiya. Sati uku ko huɗu za ki ga kamar sun mutu, kada ki tone ki duba, ki bar su. Ki nemi kasko ki ajiye a gefe, ki rubuto mini wanda ya fara saukowa, ina jin tsuntsayen arewa ba irin namu ba ne duka. In kuma wata rana ruwa ya ƙare miki sai moɗa ɗaya, ga lalle ga mai ƙishi a ƙofa, ki ba mutum. Lalle yana nan gida da yawa, ki zo ki yanki wani.

Saura maganar jandarma. Ban ba ki ba, ke ma kin sani, kuma ban rene ki a kan faɗin abin da ba haka ba. Don haka na rubuta takardar nan in gyara miki zancenki. Na ba ki, Uwani. Reshen da uwar itacen da garkar duka. Maganar da na yi a tsakar gida na janye ta, kuma yau da safe na kira Sumana ta kan katanga, da innarki a tsaye, na faɗa musu na janye, tunda a gabansu na yi ta. Ni ne na yi laifi ranar nan, ke kika yi daidai. Ki yafe mini.

Allah ya tsare ki dare da rana, ya tsare mutuncinki da imaninki, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum da na cuta. Allah ya jiƙan mai sunanki, ya kai rahama inda matar nan take da ɗanta. Allah ya saukar mana da ruwa mai albarka, ya nuna mana shamuwa da wuri bana. In kin samu hutu ki taho, dutsen nan yana ɗaukar mutum biyu.

Wassalam.

Babanki